Ana koyon shugabanci a aji ne, ko sai an ɗora wa mutum kaya?

SabonMalami
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina so ku taya ni dubawa. Shekarata uku ke nan ina koyarwa a jami'a. A makon jiya aka sa ni cikin kwamitin da zai tsara kwas na shugabanci, wanda kowane ɗalibi zai yi kafin ya kammala. An ce mu kawo jadawalin lacca ta mako 12, da gwaji, da jarrabawa.

Ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Bara na koyar da wani kwas na gudanarwa. Akwai yaron da ya cinye tambayar ire-iren shugabanci, ya jero su tsaf, na ba shi 18 cikin 20. Shi ne kuma shugaban rukuninsu a aikin haɗin gwiwa. Ranar gabatarwa, mutum biyu cikin su shida ba su ma san an sauya taken aikin ba. Ashe shi kaɗai ya zauna ya yi komai cikin dare, ya rubuta sunayensu a bangon takarda. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Malam, in na jira su za su ja mini maki ƙasa." Takardar jarrabawarsa tana kan teburina a lokacin, na dube ta na dube shi, na rasa abin cewa.

To shin shugabanci abu ne da za a koyar a aji a yi jarrabawarsa? In ba haka ba, me jami'a za ta yi?

Dattijo58
Wa alaikumus salam. Malam, shugabanci baiwa ce. Wanda Allah ya ba, tun yana firamare za ka ga yara na bin sa. Wanda bai samu ba, ko kwas goma ya yi, ɓata alli ne.

Mai_Nazari
Baba Dattijo, da girmamawa, wannan magana an daɗe ana gwada ta. Tun 1948 wani masani a Amurka, Ralph Stogdill, ya tattara bincike fiye da 100 da aka yi don gano halayen da ake haifar shugaba da su. Abin da ya samu shi ne babu wasu halaye tsayayyu da ke mai da mutum shugaba a ko'ina. Wanda ya jagoranci mutane a wani yanayi, in aka kai shi wani, sai ya koma mabiyi. Daga baya, a 2006, an yi bincike kan tagwaye maza a Minnesota, aka ga gado yana da hannu da kusan kashi 30 cikin 100 wajen riƙe muƙamin shugabanci. Ragowar daga abin da mutum ya gamu da shi a rayuwa ne. Ka ga baiwar tana nan, amma kason da ya rage ya fi ta girma nesa ba kusa ba.

Dattijo58
Na ji, ɗana. Amma kashi 30 ɗin nan ai ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ragowar da ka ce, rayuwa ka ce, ba ka ce lacca ba.

Mai_Nazari
A nan kam ka kama ni, Baba. Gaskiya ne.

TsohonWakilinAji
Bari in ba da nawa labarin. Na yi wakilin aji shekara biyu, ajinmu ya haura mutum 200. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake yi. Ranar da na fara sanin nauyin abin, wani malami ya kira ni da yamma ya ce ya dawo da gwajinsa daga Alhamis zuwa gobe da safe. Na sa saƙo a zauren ajinmu na WhatsApp, na kwanta. Washegari mutum 14 ba su zo ba. A cikinsu akwai wata baiwar Allah mai goyo da wayarta ta lalace. Ta same ni a bakin ɗakin lacca bayan an fito, jaririnta a baya, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Da ka sa wani ya leƙo ni." Har yau ina jin maganar nan a kunnena.

A satin na raba ajin gida goma, kowane gida da mutum ɗaya da zai tabbatar saƙo ya isa ga kowa, ya kuma dawo mini da amsa. Sannan na koma wajen malamin, gabana na faɗuwa, na roƙe shi ya sake wa mutum 14 ɗin nan gwaji. Sau uku ina zuwa kafin ya yarda. Abin da na koya a wannan satin, yau shi nake ci a wurin aiki: aika saƙo daban, isar saƙo daban, kuma in ka yi kuskure kai za ka je ka tsaya a gaban wanda ya fi ka ka gyara.

Ummu_Ilham
Allah sarki. Labarin nan ya taɓa ni. Amma ɗan'uwa, ka lura kai kaɗai ka samu wannan darasi cikin mutum 200. Sauran fa? Ina jin nan ne tambayar Malam take. Muƙaman ɗalibai 'yan kaɗan ne, kuma kusan mutanen da suka riƙe a aji ɗaya su ne za ka gani har aji huɗu.

Alƙalami
Kuma wa ake zaɓa? Mai baki. Duk wanda ya yi jami'a ya san haka. Ranar zaɓe wanda ya fi iya tsara zance da tara jama'a shi ke ci, ko da bai taɓa riƙe amanar ko da rajistar aji ba. An ma yi bincike a 2020 kan ƙananan rukunonin ɗalibai, aka ga wanda ya fi yawan magana shi aka fi nunawa a matsayin shugaba, ko da bai fi sauran basira ba. Ni shi ya sa ban yarda ƙungiyar ɗalibai makarantar shugabanci ba ce. Sau da yawa makarantar koyon neman kujera ce.

Ɗan_Gwagwarmaya
Haba Alƙalami, kar ka yi mana kuɗin goro. Ƙungiyoyin ɗalibai sun fitar da manyan mutane a duniya. Mandela ai daga jami'a aka kore shi saboda yaƙi da mulkin wariyar launin fata.

Hajiyar_Laburare
Ɗana, a gyara kaɗan. Tsarin wariyar da ake kira apartheid a 1948 aka kafa shi a hukumance, abin da ya faru da Mandela kuwa a kwalejin Fort Hare ta Afirka ta Kudu a 1940 ne. Rikici ne na majalisar wakilan ɗalibai. Ɗalibai sun ƙaurace wa zaɓe saboda ƙorafe-ƙorafensu da kuma neman a ƙara wa majalisar iko, 'yan tsiraru suka jefa ƙuri'a, Mandela yana cikin waɗanda aka zaɓa. Ya ƙi karɓar kujerar saboda yana ganin ba da yawun mafi yawan ɗalibai aka ba shi ba. Shugaban makarantar ya ce ya je gida ya yi tunani, in zai dawo sai ya karɓa. Bai koma ba, daga baya ya ƙarasa digirinsa ta karatu daga nesa.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan, labarin bai goyi bayan ɗayanku shi kaɗai ba. Ƙungiyar ɗalibai ce ta kawo shi gaban wannan zaɓi, gaskiyar Ɗan_Gwagwarmaya ke nan. Amma abin da ya yi a wurin barin kujera ne, ba nemanta ba.

Ɗan_Gwagwarmaya
Na gode Hajiya, na karɓi gyara. Ni dai abin da nake cewa, a ƙungiya na fara koyon zama da wanda ba na ƙauna mu yi aiki tare. Ma'ajinmu ba ma ga maciji da shi, amma dole mu sa hannu a takarda ɗaya kafin a fitar da ko sisi. Shekara guda muka yi a haka, kuma muka miƙa lissafi ba gyara.

Gimbiyar_Lissafi
Tunda an zo maganar muƙamai, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk kwamitin da na shiga a jami'a, da an zauna sai a ce, "Ke ki riƙa rubuta mana bayanan taro, kin fi mu rubutu mai kyau." Shekara huɗu ina rubuta abin da wasu suka yanke. In na kawo shawara sai a wuce, bayan minti goma wani ya maimaita ta a ce madalla. Ba ni kaɗai ba ce. Wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Linda Babcock, sun wallafa bincike a 2017 da ya nuna an fi neman mata su ɗauki irin ayyukan da ba sa kai mutum gaba, kuma sun fi amsawa da to. Malam SabonMalami, duk abin da za ku tsara, ku sa a riƙa juya muƙamai. Wadda ta yi rubutu wannan makon, mako mai zuwa ita za ta jagoranci zama.

Ummu_Ilham
Wallahi kin faɗi abin da ke raina, 'yar'uwa. Ƙari a kan haka, rubutun bayanan taron ma maza su koya. Wanda bai taɓa bin diddigin wa aka ɗora wa me, zuwa yaushe ba, bai san rabin aikin shugaba ba.

Mai_Shiru
Ni ban cika magana a zauren nan ba. Ina cikin irin waɗanda Alƙalami yake nufi, waɗanda ba a zaɓa. Har na gama aji uku ban taɓa ɗaga hannu ba. Wata malama ce a ɗakin gwaje-gwaje ta ce ni zan kula da jadawalin amfani da na'ura ɗaya tilo da muke da ita, mu 30. Na ce ba zan iya ba. Ta ce ba tambayata take yi ba. Duk ranar Juma'a sai ta kira ni minti biyar, ta ce me ya faru a makon nan, me ka yi, da za a sake me za ka canza. Tambayoyi ukun nan kawai. Wata rana na ba abokina lokacin wani, na ɗauka ba wanda zai sani. Ta sani. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce in je in gaya wa wanda na zalunta da bakina. Tafiyar da na yi daga ofishinta zuwa ɗakin kwanan yaron nan ita ce mafi tsawo a rayuwata ta jami'a.

Mai_Nazari
Mai_Shiru, abin da malamarka ta yi shi ne ainihin abin da wani masanin ilimi, David Kolb, ya bayyana a 1984: mutum ya yi abu, ya waiwaya ya duba, ya fitar da darasi, ya sake gwadawa. Jami'o'i da yawa suna ba da kashi na farko, su jefa ɗalibai aikin rukuni, amma ba mai zama da su a waiwaya. Shi ya sa yaron Malam SabonMalami ya fita da darasin da bai dace ba, wato mutane nauyi ne, gara ka yi abinka kai kaɗai. Kuma tsarin makin ne ya koya masa haka. In takardar ƙarshe kawai ake dubawa, to lissafinsa daidai ne.

SabonMalami
Wannan magana ta dake ni, domin ni na tsara makin. Kashi 100 na aikin a kan rahoton da suka miƙa yake. Ban ware ko maki ɗaya ga yadda suka yi aikin tare ba.

Farfesa_Mai_Ritaya
'Ya'yana, kun yi ta magana a kan ɗalibai, ku bar ni in juyo da fitilar kanmu. Laifi tudu ne. Mu malaman wa ya koya mana?

Ranar da aka naɗa ni shugaban sashe, abin da aka miƙo mini makulli ne da hatimi da tarin fayil. An zaɓe ni ne saboda na fi kowa yawan maƙalu a mujallu. Ban san yadda ake karanta kasafin kuɗi ba. Ban san yadda ake gaya wa wanda ya koyar da ni, yanzu kuma yake ƙarƙashina, cewa ya riƙe sakamakon ɗalibai wata uku ba. Zaman farko da na jagoranta awa huɗu muka yi ba mu yanke komai ba, saboda ina jin kunyar katse manya. Akwai wata ƙaramar malama da ta bar mu a shekarata ta biyu. Sai bayan ta tafi na gano kwas biyar aka jibga mata alhali wasu na da biyu, kuma ni na sa hannu a rabon ban duba ba. Yau shekaru masu yawa ke nan, abin bai bar ni ba.

Wani marubuci, Laurence Peter, ya faɗi wannan tun 1969, cewa ana yi wa mutum ƙarin girma saboda ya iya aikin da yake yi, har a kai shi inda bai iya ba. Gwanin bincike ba lallai ya zama gwanin riƙe mutane ba. Ɗalibai kuma suna kallonmu. Malamin da ba a isa a yi masa tambaya a aji ba, in ya shiga ya yi lacca a kan shugabanci na shawara, me kuke zaton za su ɗauka, abin da ya faɗa ko abin da ya yi?

Alƙalami
Allah ya ƙara girma, Farfesa. Samun babba ya faɗi haka a bainar jama'a sai an tona.

Hajiyar_Laburare
Farfesa, maganarka ta tuna mini da Wangari Maathai. Ta zama shugabar sashe a Jami'ar Nairobi a 1976, kuma tun tana malama ta tsaya kai da fata a kan a ba mata ma'aikatan jami'ar haƙƙoƙi daidai da maza. A 1977 ta fara aikin dashen itatuwa da matan karkara, wanda ya kai ta ga kyautar Nobel a 2004. Ina yawan tunanin ɗaliban da suka gan ta tana wannan tsayuwar a cikin harabar makaranta. Sun ga abin da ba a rubuta a allo.

Injiniya_Bello7
Ni daga ɓangaren masu ɗaukar ma'aikata nake. Takardun neman aiki suna zuwa mana cike da "shugaban kaza", "mataimakin kaza". Na daina kallon su. Tambaya ɗaya nake yi: ba ni labarin ranar da ka yi kuskure ya shafi wasu, me ka yi? Rabinsu sai su ce ba su taɓa yi ba. Wanda ya ce haka ko bai taɓa riƙe komai ba, ko ba ya iya faɗin gaskiya a kan kansa. TsohonWakilinAji da Mai_Shiru, da a gabana kuka ba da labaran nan, da kun wuce.

Mai_Nazari
Injiniya, akwai binciken Amy Edmondson ta Harvard da ya yi daidai da wannan. Ta duba rukunonin ma'aikatan jinya a asibitoci tana zaton waɗanda suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure. Sai ta ga su suka fi kawo rahoton kuskure. Ashe dalilin shi ne ba sa tsoron faɗa. A inda shugaba yake da zafi, ɓoyewa ake yi.

Dattijo58
To ai kun dawo kan maganata ta wata hanya. Duk labaran nan babu wanda ya ce a lacca ya koya. Malam, ka je ka gaya wa kwamitinku a bar kwas ɗin.

Ummu_Ilham
A'a Baba, ban yarda a bari ba. In aka bari, an koma gidan jiya: masu baki su kwashe muƙamai, irin su Mai_Shiru sai wanda Allah ya haɗa da malama ta gari. Amfanin kwas shi ne ya tilasta kowa ya samu rabonsa. Kuma akwai abubuwan da ake koyarwa ƙarara: yadda ake tsara ajandar taro, yadda ake raba aiki a bi shi, yadda ake karanta lissafin kuɗi, yadda ake sasanta mutum biyu. Da an koya wa Farfesa waɗannan a mako biyu, da an rage masa wahalar shekara biyu.

Farfesa_Mai_Ritaya
Haka ne, 'yata. Da na samu, da na karɓa hannu bibbiyu.

Ɗan_Kimiyya
Akwai inda aka haɗa biyun. Jami'ar Ashesi a Ghana, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002 bayan ya bar aiki a Microsoft, tana da jerin darussan shugabanci da kowane ɗalibi yake yi. Amma abin da ya fi jan hankalina, a 2008 ɗaliban suka amince da wata yarjejeniyar amana: suna rubuta jarrabawa ba mai tsaro a ɗaki, kuma wanda ya ga ana satar amsa shi ke da alhakin faɗa. Ajin ne da kansa yake jefa ƙuri'a ya shiga tsarin. Ka ga an ba su abu mai nauyi na gaske, sunan makarantarsu da darajar takardarsu.

Alƙalami
Ashesi ƙaramar jami'a ce mai zaman kanta. Ka gwada haka a ajin mutum 800 ka gani. Ba ina rainawa ba ne, amma abin da ya yi aiki a inda malami ya san sunan kowa ba lallai ya yi a inda ɗalibi lamba ne ba.

TsohonWakilinAji
Shi ya sa na ce a raba. Mutum 800 gida 80 ne na mutum goma-goma. 'Yan aji huɗu su riƙa zama da 'yan aji ɗaya, su ma nasu horon ke nan. Malami ba zai iya yi wa kowa tambayoyi ukun malamar Mai_Shiru ba, amma zai iya koya wa mutum 20 su yi wa wasu.

Gimbiyar_Lissafi
Sai dai a kula da maki. Da zarar an ce ɗalibai su ba juna maki, abota da gaba za su shigo. Na ga inda rukuni suka haɗa baki kowa ya ba kowa cikakke, na kuma ga inda aka taru a kan mutum ɗaya.

SabonMalami
Na gode ƙwarai, na cika shafi uku da abin da kuka faɗa. Ga abin da nake tunanin kai wa kwamiti ranar Litinin: lacca ta mako huɗu kawai, a kan abubuwan da Ummu_Ilham ta lissafa. Sauran mako takwas kowane rukuni ya ɗauki aiki na gaske a cikin jami'a, wanda in ya lalace wani zai ji a jikinsa, a riƙa juya jagoranci duk mako biyu, kowa ya rubuta rabin shafi a kan tambayoyi ukun nan. Zan kuma kawo maganar Farfesa ta horar da sababbin shugabannin sashe, ko da yake ban san yadda manyan za su karɓe ta daga bakin ƙaramin malami ba.

Inda na maƙale shi ne inda Gimbiya ta taɓo. Dokar jami'a ta ce kaso mafi girma na maki daga rubutacciyar jarrabawa zai fito. In rukuni suka yi iya ƙoƙarinsu aikin ya rushe, amma suka faɗi gaskiyar abin da ya faru, nawa zan ba su? Wanda kuma aikinsu ya yi kyau amma mutum ɗaya ya yi, kamar yarona na bara?

Injiniya_Bello7
Na farkon su fi na biyun, in ni ne.

Dattijo58
In ka yi haka, shekara mai zuwa kowa zai zo maka da labarin rushewa mai daɗin ji. Yara sun fi ka sanin inda maki yake.

Mai_Shiru
Malamata ba ta taɓa ba ni maki a kan jadawalin nan ba. Ban sani ba ko da ta bayar, da na je ɗakin yaron nan don Allah ko don makin. Malam, in kun zauna ranar Litinin, ka dawo ka gaya mana abin da suka ce.